Ɗan da ya Karanta Tattalin Arziki: Ina Zai Yi Aiki, Kuma Bisa Wane Sharaɗi?

Muna gode wa Allah wanda ya shimfiɗa arzikinsa a doron ƙasa, ya kuma umurci bayinsa da su tashi su nema ta hanyar halal. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda ya yi fatauci tun kafin a aiko shi, har mutanen Makka suka san shi da riƙon amana, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, akwai wata matsala da ta shiga gidajenmu, wadda ta cancanci mu tsaya mu dube ta da idon basira. Kowace shekara jami'o'in ƙasarmu suna yaye samari da ƴan mata masu lisansi ko masta a ilimin tattalin arziki. Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, wadda aka aza harsashinta a 1971, ta daɗe tana wannan aiki. A 2010 aka ƙara buɗe jami'o'i a Maraɗi da Damagaram da Tawa, kuma ta Tawa tana da tsangaya guda ta shari'a da tattalin arziki da sarrafa dukiya. Yaro ya yi shekara 3 ya samu lisansi, ya ƙara 2 ya samu masta, sa'an nan ya komo gida da takarda a hannu. Da yawa daga cikinsu shekara ta kan zagayo ta iske su a fada suna shan shayi, suna jiran a yi shelar konkur.

Tambayoyi biyu ne suke yawan zuwa wurin malamai a kan wannan. Uba ya kan ce ya sayar da tumaki ya yi wa ɗansa hidimar karatu, to ina amfanin wahalar? Ɗan kuma ya kan ce ya samu ƙofa a banki, shin ya halatta ya shiga? A ganina tambayoyin nan biyu tushensu ɗaya ne. Mun ɗauki wannan ilimi a matsayin mabuɗin biro da albashi kawai, alhali asalinsa ilimi ne na kula da dukiyar mutane. Wanda ya gane haka zai ga ƙofofin aiki sun fi yadda yake zato yawa, zai kuma san wadda ya kamata ya tsaya ya yi tunani kafin ya sa ƙafa.

Matsayin wannan ilimi

Wasu suna ganin ilimin tattalin arziki baƙo ne da Nasara ya kawo, ba ruwan Musulmi da shi. Wannan kuskure ne. Alƙali Abu Yusufa ya rubuta Kitabul Haraji domin Halifa Haruna Rashidu, a kan yadda za a karɓi haraji ba tare da an zalunci manomi ba. Yahaya ɗan Umaru, malamin mazhabar Malikiyya, ya rubuta Ahkamus Suƙi a kan awo da farashi da algus a kasuwa. Ibnu Haldun a cikin Muƙaddima ya yi bayanin yadda yawan haraji yake kashe zuciyar masu nema har kuɗin shigar hukuma su ragu. A nan ƙasar Hausa ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa Tanbihus Sahibi a kan hukunce-hukuncen sana'a da neman abinci. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Mafi girman misali shi ne Annabi Yusufa, amincin Allah ya tabbata gare shi. Ya tsara wa Misira noman shekara 7 na wadata domin shekara 7 na fari, ya ce a bar hatsi a zangarniyarsa, kamar yadda manominmu yake jera dammunan gero a rumbu ba tare da ya sussuke ba. Da ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa, siffa biyu ya ambata ga kansa a aya ta 55 ta surar da ke ɗauke da sunansa: kiyayewa da sani. Jami'a tana ba da shaidar sani. Kiyayewa kuwa babu jarrabawar da take auna ta, sai ranar da aka miƙa wa mutum makullin akwatin kuɗi. Da waɗannan siffofi biyu za mu auna kowace ƙofa ta aiki.

Dalilin da ya sa ƙofar gwamnati ta ƙuntata

Ya kamata iyaye su san cewa zaman ƴaƴansu ba duka lalaci ba ne. A shekarun 1970, lokacin da ƙarfen uraniyum na Arlit yake da daraja, gwamnati tana ɗaukar kusan duk wanda ya gama babban karatu. A farkon shekarun 1980 farashinsa ya faɗi, bashi ya yi wa ƙasa nauyi, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da Asusun Lamuni, ɗaukar ma'aikata kai tsaye ta tsaya. Zanga-zangar ɗalibai ta ranar 9 ga Fabrairu 1990, wadda aka rasa rayuka a cikinta a gadar Kennedy, a kan irin waɗannan matakai aka yi ta. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, ma'aikata suka yi watanni suna bin bashin albashi. A gefe guda kuma jama'a tana ƙaruwa: ƙidayar 2012 ta iske mu mun wuce miliyan 17, kuma mafi yawanmu yara ne da matasa. Kujerun biro ba su ƙaru daidai da yawan masu takarda ba, kuma babu wata gwamnati da za ta iya ɗaukar su duka. Wanda ya fi kowa cancantar ya gane wannan lissafi shi ne wanda ya karanta tattalin arziki.

Ƙofofin da ke akwai da jarrabawar kowace

Ƙofa ta farko ita ce aikin hukuma: ma'aikatar kuɗi, baitulmali, ofishin lanho, duwan, da cibiyar ƙididdiga ta ƙasa da ake kira INS. Ana shiga ta hanyar konkur, kuma da yawa suna fara bautar ƙasa kafin nan. Wanda yake da ƙarfi a lissafi yana iya neman shiga manyan makarantun ƙididdiga na Abijan da Dakar da Yawunde, waɗanda suke karɓar masu karatun tattalin arziki ta jarrabawa. Aiki ne na halal, amma jarrabawarsa ita ce hanci da murɗe alƙaluma. Kada a raina mai rubuta adadi. Idan ya rubuta cewa wata gunduma ta noma abin da zai ishe ta alhali rumbunanta wayam ne, to hatsin OPVN mai rangwamen farashi zai wuce ta ya tafi wani wuri. A yunwar 2005 an daɗe ana gardama a kan girman matsalar, alhali cibiyoyin kula da yara masu tamowa a jihar Maraɗi sun cika. Suratul Muɗaffifina ta yi gargaɗi mai tsanani ga masu tauye mudu, kuma adadin da ake rubutawa a biro mudu ne da ake auna wa dubban mutane abinci da shi.

Ƙofa ta biyu ita ce kamfanoni da ƙungiyoyin agaji. Matatar mai ta SORAZ kusa da Damagaram ta fara aiki a 2011, bututun mai daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin ya fara fitar da mai a 2024, ga kamfanonin tarho da na sufuri. Dukansu suna buƙatar masu tsara kasafi da masu bin diddigin kuɗi. Ƙungiyoyin agaji kuwa albashinsu yana da kauri, amma kowane foroje yana da ranar ƙarewa, kuma mun ga yadda masu ba da tallafi da yawa suka dakatar da kuɗinsu bayan sauyin mulki na Yulin 2023. Jarrabawar wannan ƙofa ita ce rahoton ƙarya: a rubuta an horar da mutum 100 alhali 30 suka zo, a raba sauran kuɗin zama.

Ƙofa ta uku ita ce koyarwa da bincike, a makarantun sakandare da na koyon sana'a da jami'a. Albashinta kaɗan ne, ladarta mai yawa ce ga wanda ya tsarkake niyya.

Ƙofa ta huɗu ita ce banki, kuma ita ce ta fi buƙatar bayani.

Batun banki

Allah ya halatta ciniki ya haramta riba, kamar yadda ya zo a aya ta 275 ta Suratul Baƙara. Imam Muslim ya ruwaito daga Jabiru, Allah ya yarda da shi, cewa la'anar riba ba ta tsaya kan mai ci da mai bayarwa ba, ta haɗa da mai rubutawa da shaidu biyu. Majalisar bincike ta Azhar a 1965, da majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1985, sun tafi a kan cewa ruwan da banki yake ɗorawa a kan bashi riba ne. Wasu malamai ƙalilan sun saɓa, amma wannan shi ne abin da mafi yawa suke a kai, kuma shi nake bi.

To amma banki ba ɗaki ɗaya ba ne. Akwai wanda aikinsa shi ne ya tsara yarjejeniyar bashi da ruwa, ya lissafa ruwan, ya sa hannu. Wannan shi ne mai rubutawa da hadisi ya ambata, kuma ba na ganin wata hanyar kauce wa hakan. Akwai wanda aikinsa biyan albashin mutane, ko aika kuɗi, ko kula da na'urori, ko tattara bayanan farashi kamar yadda ake yi a babban bankin BCEAO da yake buga wa ƙasashe 8 sefa. Malamai sun yi saɓani a kan wannan: wasu sun hana domin taimako ne ga gidan da aka gina a kan riba, wasu sun yi rangwame domin aikin a kan kansa halal ne. Sa'an nan akwai gidajen kuɗi da suke aiki da tsarin Musulunci. Muna da Bankin Musulunci na Nijar, BIN. A 2018 BCEAO ta fitar da ƙa'idojin da suka tsara wannan harka ga bankuna da ƙananan asusun ajiya da lamuni, har bankin da ba na Musulunci ba yana iya buɗe sashe na musamman. Senegal ta fitar da takardun sukuk na miliyar 100 na sefa a 2014, a Nijeriya kuma bankin Jaiz ya fara aiki a 2012. Wannan fage yana neman mutanen da suka haɗa lissafin zamani da sanin murabaha da ƙiradi da ijara da salam, kuma irinsu ba su da yawa.

Mai karatu zai iya cewa: Malam, kai kana da abin da za ka ci, ni kuwa shekara 4 ina zaune, uwata ba ta da lafiya, ƙannena na lakkol, yanzu in bar albashi domin wata fatawa? Wannan magana ce mai nauyi, kuma wanda bai taɓa kwana da yunwa ba bai kamata ya amsa ta da tsawa ba. Shari'a ta san lalura, amma ta ce ana auna lalura ne da gwargwadonta. Wanda ya shiga saboda matsi na gaskiya, to ya nemi sashen da ya fi nisa da rubuta riba, ya ci gaba da neman wata ƙofa da gaske, kada ya mai da rangwame ya zama mazauni, kada kuma ya ce abin da yake yi babu komai a cikinsa domin hankalinsa ya kwanta. Wanda yake da wata hanya, ko da albashinta rabi ne, ba shi da wannan uzuri. Mu kuma da muke masallaci, ba mu da ikon mu nuna shi da yatsa alhali ba mu buɗe masa wata ƙofa ba. Wanda ya hana mutum shan gurɓataccen ruwa, wajibinsa ne ya nuna masa rijiya.

Ko a ma'aunin duniya, banki ba ya rayuwa sai da amana. Bankin BDRN, wanda shi ne mafi girma a ƙasar nan a zamaninsa, an rufe shi a 1990 saboda basussukan da aka bayar ba a biya ba. Masu takardu ba su yi ƙaranci a cikinsa ba. Sani ya samu, kiyayewar dukiyar da aka ba da ajiya ce ta yi rauni.

Ƙofar da aka manta

Ƙofa ta biyar ita ce ta fi kowace faɗi, ita ce kuma masu takarda suka fi rainawa: kasuwa da gona da garke. Mafi yawan mutanen Nijar a nan suke neman abinci. Albasar Galmi tana kaiwa har Akara da Abijan, wake da aya da riɗi suna bin hanyar Ɗan Isa da Magarya da Ƙonni zuwa Nijeriya, tattasan Difa ya san kasuwannin Barno, dabbobinmu suna cika kasuwannin Legas lokacin layya. Duk da haka manomin albasa ya kan sayar a lokacin da kowa yake sayarwa, farashi a ƙasa, domin ba shi da wurin ajiya mai kyau, ba shi kuma da wanda zai lissafa masa abin da zai samu in ya jira da abin da zai ruɓe. Akwai alhazai masu juya miliyoyi waɗanda lissafinsu duka a ka yake, ranar da suka rasu magada su kasa sanin wa ake bi, wa yake bi, dukiyar shekara 40 ta watse cikin shekara 2.

Ku dubi kuma bashin damina. A ce manomi ya karɓi tiya 10 ta gero a watan Agusta, ya biya 20 da kaka bayan wata 3. Ruwan wannan bashi ɗari bisa ɗari ne a rubu'in shekara, alhali ko dokar ƙasashen sefa a 2014 ta tsaida iyaka a 15 cikin 100 a shekara ga bankuna, 24 ga ƙananan asusu. Wannan riba tana cikin ƙauyukanmu, tsakanin mutanen da suke sahu ɗaya a salla. Shari'a ta buɗe hanyar salam: mai kuɗi ya biya farashi cikakke yanzu, a kan hatsi sananne, awo sananne, lokaci sananne. Amma wa zai zauna ya tsaida farashin da ba zai cuci manomi ba, ba zai kuma karya mai kuɗi ba? Wa zai riƙe littafin bankin cimaka na gari domin kada ya ƙare a shekara ta biyu? Matan da suka fara asusun Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, da akwati da kuɗin mako, sun nuna cewa ƙaramin tsari yana iya ɗaukar gida. Yaya in mai ilimi ya zauna tare da irinsu ya taimaka musu su gina shi a kan ciniki da tarayya? Ga zakka kuma: ɗaya cikin 40 na kuɗi da kayan ciniki, ɗaya cikin 10 na hatsin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin 20 na wanda aka yi wa ban-ruwa da wahala. Attajirai nawa ne suke son su fitar daidai, amma ba su san yadda za su ƙiyasta kayan da ke shago da bashin da ke waje ba?

Wannan duka aikin mai ilimin tattalin arziki ne, kuma aiki ne da ake biya in an iya shi. Abdurrahmanu ɗan Aufu, Allah ya yarda da shi, da ya isa Madina hannu wofi aka yi masa tayin rabin dukiya, sai ya gode, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ba na ɓoye cewa wannan hanya tana da wuya: babu jari a farko, babu albashin ƙarshen wata, kuma alhaji ba zai buɗe wa yaro littafinsa a rana ɗaya ba. Sai an yi haƙuri an fara da ƙarami, an riƙe lissafin shago ɗaya har a ga gaskiyar mutum.

Nasiha ga kowa

Ya kai ɗana mai lisansi, takardarka ita kaɗai ba ta isa ba. Ka ƙara mata iya riƙe littafin shiga da fita, da aiki da kwamfuta, da Ingilishi domin abokan cinikinmu na Nijeriya da Gana, da Larabci in ka samu hali. Ka zauna gaban malami ka karanta babin ciniki a Risala, domin an ruwaito cewa Sayyidina Umaru ya kan hana wanda bai san hukuncin ciniki ba ya yi saye da sayarwa a kasuwar Musulmi. Ka shiga konkur in an buɗe, amma kada ka jira shi a zaune, zomo ba ya kamuwa daga zaune. Ke ma ƴata, wannan magana da ke ake yi. Ƙungiyoyin mata sun fi sakin jiki da ƴar'uwarsu wajen lissafin kuɗinsu.

Ya ku iyaye, kada ku ce ɗanku ya faɗi don kun gan shi a kasuwar hatsi da littafi a hannu. Kada kuma ku matsa masa da gorin ɗan wane da ya gina bene cikin shekara 2 da fara aiki, alhali kun san albashi ba ya gina bene a shekara 2. Da yawa daga cikin masu cin amana, gorin gida ne ya fara tura su.

Ya ku alhazai, ku ɗauki waɗannan yara, ku biya su hakkinsu a kan lokaci, ku bar su su rubuta muku dukiyarku tun kuna da rai. Wanda kuka ga amanarsa, ku ba shi jari bisa ƙiradi, kuɗi naku, aiki nasa, riba a raba yadda aka yi sharaɗi. Kwamitocin masallatai ma su fara da kansu: kuɗin da ake tarawa ranar Juma'a da na ginin makaranta a ba mai ilimi ya rubuta, a karanta wa jama'a abin da ya shiga da abin da ya fita.

Arziki na Allah ne, kuma babu ran da zai bar duniya sai ya cika rabonsa. Abin da aka bar wa bawa shi ne zaɓin hanya, kuma ranar ƙiyama za a tambayi kowa a kan dukiyarsa ta fuska biyu, inda ya samo ta da inda ya kashe ta. Wanda ya karanta tattalin arziki za a ƙara masa ta uku, wato dukiyar mutane da ta bi ta hannunsa da alƙalaminsa.

Allah ya buɗa wa ƴaƴanmu ƙofofin halal, ya wadatar da su da halal ɗinsa daga haram ɗinsa, ya sa albarka a karatunsu, ya ba ƙasarmu damina mai albarka da zaman lafiya. Allah shi ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.